Daga Sakkwato zuwa Tozai: Wace Rumfar Leda Ce Za Ta Amfani Gobirawa?

Motar Sabon Birni ba ta jiran rana ta yi zafi. Duk direban da ya san hanyar gabashin Sakkwato yana son ya kai ya juyo kafin la'asar, don haka da sanyin safiya muka cika muka tashi. Watan Maris ne, hunturu ya naɗe tabarmarsa, bazara ta fara leƙowa. A jakata akwai takardar tallar wani kamfani mai kafa wa mutane rumfar leda ta noman da ba a amfani da ƙasa, wadda na karɓo a wani baje kolin kayan gona a Kano. Alkawuran da ke cikinta masu daɗin ji ne: tumatir rani da damina, ruwa kaɗan, babu noman ciyawa, kuma ba sai kana da gona ba. Wannan na ƙarshen shi ya ɗauko ni. A ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni akwai dubban manoma masu gonaki na gado waɗanda 'yan bindiga suka hana su takawa, ko kuma sai sun biya haraji kafin shuka, su sake biya kafin girbi. Na so in gani da idona ko noman da ake yi cikin gida zai iya zama musu mafita.

Daga Achida zuwa mararrabar Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma aka binne shi a 1837, ido ba ya rabuwa da kore. Fadamar Rima cike take da shinkafar rani da albasa da tafarnuwa, ƙarar injinan ban ruwa na tashi ta ko'ina. Wannan albarkar daga madatsar ruwa ta Goronyo take, wadda aka gama ginawa a 1984, aka ƙaddamar a 1992, mai iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Sai dai mutanen yankin sun san halinta biyu. A damanar 2010 ta yi ambaliyar da ta share ƙauyuka da gonaki, a ranin 2018 kuma ta janye har ruwan da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Wanda ya ga waɗannan biyun ba zai raina maganar tattalin ruwa ba.

Wanda ke zaune kusa da ni malamin gona ne da ya yi ritaya, zai je Isa gaisuwar rasuwa. Da ya ga takardar a hannuna sai ya karɓa, ya gyara tabarau, ya daɗe yana duban hoton barkonon Turawa ja da rawaya. Ya tambaye ni ko na taɓa shiga irin wannan rumfa. Na ce na shiga wata a bayan garin Kano, na kuma ba shi labarin abin da na gani.

Rumfar ƙarfe ce aka lulluɓe samanta da leda mai jure rana, gefunanta kuma raga mai ƙananan idanu don kada ƙwari su shiga. A gefe guda latas ne a jere cikin dogayen bututai masu huji, ruwa siriri yana gudana a ƙasansu yana shafar saiwa, ya koma tanki, famfo ya sake turo shi. Wani masanin Ingila, Allen Cooper, ya ɓullo da wannan tsari a shekarun 1960. A ɗaya gefen tumatir da kokwamba ne a cikin buhunan leda da aka cika da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa ko ƙonannen ɓuntun shinkafa, kowane gindi da ɗan bututunsa mai ɗiga ruwa. Ɓuntun ba abinci ba ne, aikinsa ya riƙe saiwa da danshi. Abincin yana cikin ruwan: naitirojin, fosfaras, fotashiyam, kalsiyam, magniziyam, ƙarfe da sauran sinadarai 'yan kaɗan-kaɗan. Ana dama su a duro biyu daban, domin idan aka haɗa takin kalsiyam da na fosfet da kaurinsu sai su daskare su kwanta, shuka ba ta samu ba. Kullum safiya mai rumfar yana tsoma na'ura biyu a tanki, ɗaya ta gwada tsamin ruwa, wanda ake so ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5, ɗaya ta gwada yawan takin da ya narke a ciki.

Abin ba sabo ba ne a duniya. Tun 1929 William Gericke na Jami'ar Kalifoniya ya fara yayata cewa za a iya noman kasuwa cikin ruwa, a 1937 kuma aka raɗa wa tsarin suna haidiroponik. Holan, ƙasar da ba ta da girma, ta taɓa zama ta biyu a duniya wajen darajar kayan gonar da take fitarwa, kuma gidajen gilashi na cikin abin da ya kai ta nan. A Almeriya da ke kudancin Sifen, busasshen wuri mai duwatsu, fiye da hekta 30,000 ke lulluɓe da leda, daga nan ake ciyar da kasuwannin Turai tumatir da hunturu. A Najeriya ma akwai masu yi da gaske: Samson Ogbole yana koyar da matasa a gonarsa ta Soilless Farm Lab a Jihar Ogun, cibiyar IITA ta Ibadan kuma tana yawaita irin doya da saiwa a rataye cikin iska ana fesa mata ruwan taki.

Malamin ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, duk wanga da kab bayyana gaskiya ne. Amma ka tambayi mai rumfar mi ka faruwa in famfo ya tsaya da azahar cikin watan Afrilu?" Ban buƙaci in tambayi kowa ba. Shukar da ke cikin bututu kamar majinyacin da aka ɗaura wa ƙarin ruwa take: in ledar ta ƙare babu mai jinya a kusa, 'yan awoyi kaɗan sun isa. Ƙasa tana yi wa manomi uzuri, ta riƙe danshi kwana biyu ko uku. Bututu ba ya yi.

Ga kuma zafi. A bazarar Sakkwato ma'auni yana haura digiri 40 a inuwa, cikin rufaffiyar leda kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Tumatir yana zubar da fure idan rana ta yi ta wuce digiri 35 dare kuma bai yi sanyi ba. Ruwan tanki in ya yi ɗumi iskar da ke cikinsa tana raguwa, saiwa ta fara ruɓa. Akwai maganin wannan: a kafa manyan fankoki a bango ɗaya, a ɗaya bangon a sa jiƙaƙƙen tabarmi, busasshiyar iska ta ratsa ta yi sanyi. Yana aiki sosai a ƙasa irin tamu mai busasshiyar iska, amma yana shan ruwa yana shan wuta, wato yana cinye tattalin da aka zo yi. Holan tana gina gilashi ne don ta tara ɗumi. Mu ɗumin ne ya yi mana yawa, kuma takardar da ke jakata ba ta ce komai a kan wannan ba.

Bayan Goronyo hira ta mutu a motar. Kowa ya san cewa a kasuwar garin, ranar wata Lahadi a Oktoban 2021, aka buɗe wa mutane wuta aka kashe fiye da 40. Daga nan gaba shingayen jami'an tsaro ne, da ƙauyukan da wasu gidajensu ba rufi, da gonakin da sabara ta fara cinyewa. Mun shiga Sabon Birni kafin azahar. Ƙasar Gobir ke nan. Kufan Alkalawa, birnin Bawa Jan Gwarzo da ya faɗi hannun masu jihadi a 1808, ba shi da nisa daga nan, 'yan'uwan waɗannan mutane kuma suna Tsibiri ta wajen Maraɗi. A wannan yanki ne Gulbin Maraɗi da Bunsuru da Gagare suke haɗuwa su zama Rima, shi ya sa fadamunsa suke da kyau. Kuma a nan ne aka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyuka a watan Mayun 2020, aka ƙona matafiya fiye da 20 cikin mota a Gidan Bawa a Disambar 2021, aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa a Agustan 2024. Sunan jagoran 'yan bindiga Bello Turji ba a cika kiransa da ƙarfi a tasha ba. Dubban mutanen wannan yanki suna gudun hijira a ƙauyukan Gidan Rumji cikin Nijar.

Na kwana a Isa, da safe na hau babur zuwa Tozai bayan ɗan acaɓan ya gama tambayar waɗanda suka fito daga can yadda hanya ta kwana. Tozai mazaɓa ce cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Isa, garin manoma da masu kiwo. Tun daga Goronyo har nan ban ga rumfar leda ko ɗaya ba. Abin da na gani shi ne rumbunan da ba su cika ba, da 'yan lambuna da aka matso da su jikin gari, da awaki jajaye a ɗaure cikin gidaje saboda ba a sakinsu daji.

An kai ni zauren wani dattijo mai noman albasa da tattasai. Bayan gaisuwa da ruwan sha na miƙa masa takardar, na bayyana masa abin da take nufi. Ya kira jikansa ya sake karanta masa, sannan ya tambaye ni, "Malam, ana noman hatsi cikinta?" Na ce, "A'a, Baba, kayan miya ne da ganye." Ya ce, "To mu hatsi munka rasa." Nan ya taɓo inda gizo ke saƙa. Gero da dawa da wake su ne cikin Bagobiri, kuma babu inda ake noman su a rumfa don ciyar da gari, domin abin da za a kashe ya ninka abin da za a girba. Iyalin da ke cin dami ɗari a shekara ba latas zai tsayar musu da yunwa ba. Duk wanda ya zo yankin nan ya ce rumfar leda za ta maye gurbin gonar da aka ƙwace, ko bai san noma ba, ko yana da abin sayarwa.

Dattijon ya ƙara wata tambayar da ni ban yi tunaninta a Kano ba: wa zai tsare ta? Farar leda mai ƙyalli, da faifan sola a sama, da batura, a garin da ake cire wa mutum waya daga aljihu a bakin bindiga, sanarwa ce cewa akwai kuɗi a gidan. Sannan kasuwa. Barkonon Turawa da latas na otal-otal ne da manyan kantuna na Abuja da Kano da Legas. Daga Tozai zuwa can, a motar da ba ta da sanyi, kan hanyar da ake iya rufewa kowace rana, kayan sun gama yaushi kafin a ga mai saye. Hanyar Gundumi da ta fi kusa zuwa Sakkwato ma matafiya sun shafe shekaru suna ƙaurace mata.

Duk da haka ban baro Tozai da cewa abin ba shi da amfani ba. Da aka yi mini iso cikin gida na gaisa da uwargidan, sai na ga inda ƙaramin nau'insa zai shiga. Tana da tumaki na turka da take shirin sayarwa da layya, kuma kukanta ɗaya ne: harawa da dusa sun yi tsada, yara kuma ba a aikensu yankan ciyawa. Na farko, akwai hanyar tsirar da ciyawar dabbobi a faranti ba tare da ƙasa ba. A jiƙa masara ko alkama ko gero dare ɗaya, a baza a faranti mai huji a ɗaki mai iska, a riƙa yayyafa ruwa safe da rana da yamma. Cikin kwana bakwai ko takwas ta zama kore shar, a naɗe ta da saiwarta a ba dabba. Hukumar Abinci ta Duniya ta yaɗa wannan a sansanonin 'yan gudun hijirar Sahrawi da ke Tinduf a Aljeriya da kuma gabashin Chadi, wuraren da suka fi Tozai bushewa. Tsarin ba ya son lantarki, ba ya son takin kanti.

Sai dai a faɗa wa mata gaskiyarsa, wadda masu talla kan tsallake. Kilo ɗaya na hatsi kan ba da kilo biyar zuwa bakwai na ɗanyar ciyawa, amma yawancin nauyin ruwa ne, abincin da ke ciki bai ƙaru ba. Amfaninsa shi ne ɗanyen ganye a tsakiyar rani ga akuya mai shayarwa ko ragon da ake turkawa, a haɗa da harawa da kara. A shekarar da mutane ba su ƙoshi da hatsi ba, sai an yi lissafi kafin a jiƙa shi don dabba. In faranti ya yi fumfuna a zubar. Kuma kada a kuskura a yi da dawa: tsiron dawa yana da guba, makiyayan Gobir sun daɗe da sanin yadda gyauronta ke kayar da saniya. Da na faɗi wannan uwargidan ta yi dariya ta ce, "Ai wanga ko ɗiyan goye sun san shi."

Na biyu shi ne renon iri. Mai lambu yana asarar iri mai tsada a bedin reno saboda cutar ƙasa da ƙwari da zafin rana. Ɗan ƙaramin ɗakin raga, taku biyar a taku huɗu, da farantan reno cike da ƙonannen ɓuntu da ruɓaɓɓen taki, zai fitar da dashen tumatir da tattasai da attarugu masu lafiya cikin mako huɗu zuwa shida. Ɓuntu kuwa tuli yake a bayan kowane injin casar shinkafa daga Wurno zuwa Goronyo. Raga tana tare farin ƙuda mai kawo cutar nannaɗewar ganye, tana kuma rage ɓarnar tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye tumatirin Kano da Kaduna da Katsina a 2016 har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana, ta tsaya 'yan watanni bayan buɗe ta. Matashi ɗaya mai irin wannan ɗaki zai iya sayar wa masu lambun gari guda dashe. Na uku shi ne kayan miyar gida: alayyafo da yakuwa da tumatir a buhu ko bokiti a tsakar gida, ƙarƙashin inuwar raga. Akwai ma tsarin da wani malamin Jami'ar Hawai, Bernard Kratky, ya fito da shi, inda ake dasa ganye a kan murfin bokitin ruwan taki ba famfo ba wuta, ruwan na raguwa saiwa na bin sa, sararin da ya bari yana ba ta iska. A zafinmu sai an binne bokitin ko an naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin kamfanonin da ke kiran kansu masu hidimar ayyukan gona. Yawancin abin da suke sayarwa gini ne: su auna fili, su kafa ƙarfe, su ja leda, su haɗa bututu, a yanka kyalle a ɗauki hoto. Na taɓa ganin irin wannan rumfa da aka kafa wa wata ƙungiyar matasa a wata jiha ta Arewa. Bayan shekara biyu ledar ta yayyage, tankin ya zama na wanki, domin takin da aka zo da shi ya ƙare kuma ba a sayar da irinsa a kasuwar kusa, lambar wayar injiniyan ma ta daina shiga. Leda da irin shuka da takin narkawa da na'urorin gwaji kusan duk daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 farashinsu ya yi sama. Ledar kanta bayan kamar shekara uku rana da ƙurar hunturu sun gama da ita. Wanda zai sa hannu a kwangilar rumfa ya fara tambaya: an gwada ruwan rijiyata? Wa zai zauna da ni kakar farko har girbi? Ina zan sayi taki in wannan ya ƙare? Wa zai sayi kayan, a nawa? Kamfanin da ya kasa amsa waɗannan maƙeri ne, ba malamin gona ba.

Muna da misalin da ya yi nasara a gabanmu. Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa tun farkon shekarun 1990 ya kawo gajeren burtsatse da ƙaramin injin ban ruwa, suka kori jigo daga fadamun Sakkwato. Sun zauna ne don mai haƙa ɗan gari ne, bakanike na bakin kasuwa, kayan gyara na shagon kusa. A Nijar ma cibiyar ICRISAT da ke Sadore ta gwada lambun ɗigon ruwa mai aiki da duro a kan dakali ba tare da famfo ba, kuma inda aka haɗa shi da horo da ƙungiyar manoma ne ya ɗore. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya sa injin sola ya fara shiga fadama da kansa, ba wanda ya yi masa gangami.

Kuɗi da masana ba su ne suka ɓata ba. Jihar Sakkwato tana cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar aikin gona da cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana aiki a kan hasken rana, Jami'ar Bayero kuma tana da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Kirana ga gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni shi ne, in za a kashe kuɗi a kan noman da ba ƙasa a wannan yanki, kada a tara shi a katafariyar rumfa guda a hedikwata. A raba shi ƙanana: ragar inuwa, farantan reno, farantan ciyawa, da horar da matasa da matan garuruwan su kansu, har da waɗanda ke zaman hijira a cikin Isa da Sabon Birni, a kuma ajiye malamin gona da za a iya samu in ganye ya fara rawaya. Kafin wannan da bayansa, a buɗe wa mutanen Tozai hanyar gonakinsu kafin ruwan Yuni ya sauka, domin geron da za su ci baɗi a can za a shuka shi.